Tsutsar da ke hawa zangarniya: dalilin da ya sa tsaftar iri ta fi feshi a Ikara, Maƙarfi da Kudan

Idan aka ware wake da waken suya da gyaɗa, kusan duk abin da ke shiga rumbu a ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ɗan gidan ciyawa ne. A lissafin masana tsirrai, dawa da gero da masara da shinkafa da alkama dangi ɗaya suke da gamba da kyasuwa da tofa, har raken da ya ɗaukaka sunan Maƙarfi ma a cikin wannan zuri'a yake. Ƙwayar hatsi kuwa ɗan ƙaramin furen ciyawa ce da ya ɗauki barbara ya rikiɗa ya zama tsaba, kuma zangarniya tarin irin waɗannan furanni ce a kan kara ɗaya. Manomi zai yi sharar gona, ya yi huɗa, ya yi noma da maimai, ya ci bashi ya zuba taki, amma duk wannan wahala a 'yan kwanakin da shuka ta yi ciki ta fid da kai ake yanke mata hukunci. Abin da ya taɓa fure ya taɓa buhu.

Manoman wannan yanki sun san wasu daga cikin abokan gabar zangarniya da suna. Sun san burtuntuna da ke mai da ƙwayar dawa baƙin gari, sun san tsuntsu jan-baki, sun san ƙwarin da ke tsotse ƙwaya tun tana ruwa. Akwai kuma wanda ido ba ya gani, wato ƙananan tsutsotsi masu siffar zare da masana ke kira nimatod, waɗanda yawancinsu ba su kai milimita ɗaya ba. Mai lambun tumatir a Ikara ko Hunƙuyi ya san aikin wani jinsinsu ko da bai taɓa jin sunan ba, domin su ne ke sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle, ganye ya yi yaushi da rana tsaka alhali ga ruwa a kwance cikin fangali. Waɗannan a ƙasa suke zaune, kuma raba gona da su aiki ne ja. Amma akwai wasu da suka bar saiwa suka hau sama, suka mai da furen ciyawa gidansu, suka mai da iri abin hawansu daga gona zuwa gona da ƙasa zuwa ƙasa. Abin da wannan rahoto ke son tabbatarwa shi ne cewa a duk dangin nimatod su ne waɗanda talakan manomi zai iya ci da yaƙi ba tare da kwalbar magani ba, da sharaɗin a daina ɗaukar iri a matsayin ragowar abinci, kuma cewa wannan yanki na arewacin Kaduna, da yake karɓar sababbin iri ta ko'ina, ya makara wajen mai da hankali kan haka.

Tarihin sanin su ya faro ne daga alkama. A 1743 wani malamin coci ɗan Ingila mai suna Turbevill Needham ya fasa wata baƙar ƙwaya da aka samu a zangarniyar alkama, ya tarar da wani abu fari kamar zaren auduga a ciki. Da ya ɗiga masa ruwa ya duba a madubin ƙara girma, sai zaren ya fara motsi. Wannan ita ce nimatod ta farko mai cutar da shuka da aka taɓa bayyanawa, kuma a yau sunanta Anguina tritici. Yadda take rayuwa ya isa a tsaya a kansa, domin a nan lagonta yake. Baƙar ƙwayar nan ba alkama ba ce, ƙullutu ne da shuka ta gina a gurbin ƙwaya, cike da dubban 'ya'yan tsutsa da suka bushe ƙamas suka daina numfashi da motsi. Idan aka shuka ta tare da iri mai kyau, danshin ƙasa ya jiƙa ta, sai ta yi laushi 'ya'yan su farfaɗo su fito su nemi tsiron alkama. Ba su da ƙafa, ba su da fiffike. Laimar da ke jikin ganye suke bi su kutsa har tsakiyar shuka inda sabon ganye ke fitowa, su zauna suna tsotsa, shi ya sa ganyen ke fitowa a murɗe. Kara yana tsawo yana ɗaga su sama. Da zarar zangarniya ta fara ƙulluwa a ciki, sai su shiga ɗanyen furen tun bai zama komai ba, yawunsu ya juya tsarin girmansa, maimakon ƙwaya sai ya gina musu ɗaki. A ciki suke balaga, su kai milimita 3 zuwa 5, su yi barbara, mace ta saki ɗaruruwan ƙwai, iyaye su mutu, 'ya'ya su ƙyanƙyashe su bushe tare da zangarniya. Ranar girbi manomi da hannunsa yake kwashe su ya kai rumbu. An gwada ƙullutun da ya haura shekara 30 a ajiye a bushe, aka jiƙa shi, wasu tsutsotsin suka tashi.

A Indiya ɓarnar ta ninka, domin tsutsar tana ɗauko wata bakteriya a jikinta ta kai ta cikin zangarniya, sai kan alkama ya lulluɓe da wani yauƙi rawaya ya ƙi yin ƙwaya ko ɗaya, cutar da suke kira tundu. A gonakin da abin ya yi ƙamari an sha ƙiyasta asarar kashi 30 zuwa 70 cikin ɗari. Duk da haka, wannan cuta da ta taɓa addabar Turai da Amurka da Ostareliya ta kusa zama tarihi a can, kuma ba wani feshi ne ya kore ta ba. Injin tace iri ne, wanda ke ware ƙullutu saboda ya fi ƙwayar alkama ƙanƙanta da rashin nauyi, sai kuma sauya shuka. Tsutsar da ke iya shekara 30 a bushe ba ta iya jimre shekara ɗaya ko biyu a jiƙaƙƙiyar ƙasa in ba ta sami alkama ko danginta ba. Ta fito, ta rasa abinci, ta mutu. Inda ta rage a yau, kamar wasu sassan Indiya da Pakistan da Iraƙi da Habasha, wurare ne da ƙananan manoma ke shuka abin da suka girbe ko suka auno a kasuwa ba tare da tacewa ba. Ga kuma girman abin a kasuwar duniya: a 1995 Birazil ta hana shigo da alkamar Amurka, kuma fargabar wannan tsutsa na cikin dalilanta.

Danginta suna da yawa a ciyayin daji, kuma abin lura shi ne yadda suke son wurare masu laima. A gaɓar tekun arewacin Kalifoniya, inda hazo mai danshi ke kwana a kan ciyawa, akwai Anguina pacificae da aka bayyana a 1984, wadda ke kumbura gindin ciyawar filayen wasan golf, kuma da an yi nisa da teku sai a daina ganinta. A 2004 an bayyana wata, Anguina woodi, a jikin ciyawar da ke riƙe tuddan yashi na bakin teku a Afirka ta Kudu. A bakin Tekun Bengal, a ƙasar da a yau ake kira Bangladash, tun 1913 aka bayyana cutar ufra, inda wata nimatod ke sa kan shinkafar ruwa mai zurfi ya murɗe ya maƙale cikin kubensa. A Malawi kuma, nesa da teku, an sami wata a 1966 tana lalata furen wata doguwar ciyawa 'yar uwar irin waɗanda muke jinka da su. Ba gishirin teku ne ke haɗa waɗannan ba. Laima ce a jikin ganye a daidai lokacin da shuka ke tasowa, kuma fadamun Kudan da Maƙarfi a watan Agusta ba su rasa ta ba.

A nan ne maganar ta iso gida, ta hanyar shinkafa. Akwai wata nimatod mai suna Aphelenchoides besseyi, mai haddasa cutar farin bakin ganye, wadda ke kusan duk ƙasashen da ake noman shinkafa, har da Afirka ta Yamma. A Nijeriya ma an tabbatar da ita, kuma tana cikin waɗanda masanin nan J. O. Babatola ya yi magana a kansu a bincikensa na 1984 kan tsutsotsin shinkafar ƙasar nan. Ita ba ta gina ƙullutu. Tana hawa ne kamar ta alkama, ta shiga furen shinkafa kafin ya buɗe, ta yi ta hayayyafa, domin a yanayin ɗumi kwana 8 zuwa 12 ya ishe ta daga ƙwai zuwa ƙwai. Idan ƙwaya ta fara bushewa sai ta naɗe jikinta a ƙarƙashin ɓuntu ta kwanta, kuma tana iya kai shekara biyu zuwa uku a haka. Ƙwayar da ke ɗauke da ita ba ta da wata alama. A faifai ko a tiya, ita da lafiyayya duk ɗaya ne. A gona ne ake ganin santimita 3 zuwa 5 na bakin ganye ya yi fari ya bushe, ganyen ƙarshe da ke lulluɓe kai ya tattare, kan ya fito gajere ko ya fito rabi, ƙwayoyin sama su zama holoƙo. A wurare irin su Birazil an ga asarar da ta kai rabin amfani a shinkafar tudu. Wani lokaci kuma ganyen ba ya nuna komai, sai dai a ga buhu ya ragu ranar bugu.

Wannan ɓoyon shi ne haɗarinta. Manomin da ya ga bakin ganye ya yi fari zai ce taki ne bai isa ba, ko maganin ciyawa ne ya ƙone shi, ko iska ce, kuma ba za a ga laifinsa ba, tunda a Amurka ma masana sun shafe shekaru suna ɗora abin a kan ƙarancin sinadaran ƙasa kafin a gano tsutsa ce a 1949. Sai ya ƙara buhun taki a kan cutar da taki ba ya warkarwa, ya ɗebi iri daga wannan gonar ya ajiye, ya sammaka wa maƙwabci, ragowar ya kai kasuwa. Noman shinkafa ya bunƙasa a wannan yanki tun bayan da aka taƙaita shigo da ta waje a 2015 aka kuma rufe iyakoki a 2019, har gonakin da a da dawa ce a cikinsu suka koma shinkafa. Mafi yawan irin da aka yi wannan faɗaɗa da shi ba daga kamfani ya fito ba. Daga hannu zuwa hannu ya bi, daga kasuwar Maƙarfi zuwa ta Ikara, daga Kano zuwa Zariya, da sunan faro 44 ko jamila, ba wanda ya tambayi gonar da ta haife shi. Tsutsar da a karan kanta ba za ta iya ƙetare kunya goma ba a damina guda, a bayan mota tana iya kwana a wata jiha.

Mai ƙorafi na farko zai ce wannan duk labarin ƙasashen waje ne, mu abin da ya dame mu wuta-wuta ce da tsadar taki da tsutsar masara da rashin tsaro. Gaskiya ne waɗannan su ne ke hana manomi barci a yau, kuma duk wanda ya ce nimatod ɗin fure ta fi su ɓarna a Ikara ya yi ƙarya. Sai dai a tuna cewa tsutsar masarar da ake ambata yanzu kamar da ita aka haife mu baƙuwa ce daga nahiyar Amurka, kuma a Nijeriya aka fara tabbatar da ita a Afirka a farkon 2016. Sharon da ta cinye tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayun 2016 daga Kudancin Amurka ta taso, ta shiga Sifen a 2006, ta gangaro. A 2023 cutar funfuna ta kwantar da citta a Kachia da Kagarko da Jaba har irin shukawa ya gagara. Biyun farko kafin su iso labarin wata ƙasa ne. Bambancin shi ne sharon da tsutsar masara suna da fiffike, ba mai iya tsare musu hanya, ita kuwa nimatod ɗin fure sai an ɗauko ta an kawo. Ƙofa ɗaya gare ta, kuma ƙofar tana hannunmu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙorafi na biyu ya fi ƙarfi: zafin ƙasar nan da bushewar iskarta ba za su bar irin wannan tsutsa ta zauna ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan game da ta alkama, domin busasshiyar iskar hunturu tana rage laimar da take bi ta hau, kuma damina guda ba tare da alkama ba tana kashe wadda ta zuba a ƙasa. To amma alkama a hunturu muke shuka ta, daga Nuwamba, saboda sanyi, a gonar da ake ba ruwa duk mako, kuma filayen arewacin Indiya inda tundu ta yi suna ba ƙasar ƙanƙara ba ce. Noman sanyi ne da ban ruwa kamar na Kadawa a Kano. Idan kuma iri ne ke ɗauke da ita, ba ta buƙatar zama a ƙasa, rumbu ya ishe ta. Ga shi ƙasar nan ta ƙuduri noman alkama. Ƙidayar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar kan noman 2021 ta nuna abin da aka noma bai kai tan 37,000 ba a jihohi 13, har da Kaduna, alhali miliyoyin tan ake shigowa da su duk shekara. Don cike wannan giɓi ne Babban Bankin Nijeriya ya shigo da iri daga Meziko a 2021, gwamnatin tarayya ma ta sake yin haka a 2023. Irin da ya biyo ta hannun hukuma da takardar lafiya ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda ɗan kasuwa ko matafiyi zai ƙunso a jaka don an ce yana da yabanya, da kuma alkamar ci da ake aunawa a shuka idan irin tallafi ya makara, abin da kowa ya san yana faruwa. Ta shinkafa kuwa zafi da laima su ne abin da take so, don haka wannan ƙorafi bai shafe ta ba sam.

Akwai wata ƙofa da ba a cika kallo ba, ita ce ta ciyawar dabbobi. Yanzu ana ta kiran a killace shanu a shuka musu ciyawa. An kafa ma'aikatar kula da kiwo ta tarayya a 2024, kuma a Damau da ke Kubau, maƙwabciyar Ikara, an riga an kafa gonar madara ta zamani. Wannan ci gaba ne, amma yana nufin irin ciyawa zai riƙa yawo kamar na hatsi, kuma shi ya fi wuyar tacewa don ƙanana ne masu ƙaiƙayi. Abin da ya faru a Ostareliya ya isa ishara. A can wata tsutsa, Anguina funesta, tana mai da ƙwayar wata ciyawar kiwo ƙullutu, tana kuma shigar da bakteriya mai suna Rathayibacter toxicus, wadda ke haɗa dafi a cikin kan ciyawar. Tunkiya ko saniya ta ci, ta fara tangaɗi da karkarwa da farfaɗiya, ta mutu. An fara ganin abin a 1956 a kudancin ƙasar, ya ɓulla a yammacinta a 1968, ya bayyana a Afirka ta Kudu a 1980. A 1990 zuwa 1991, bayan wata ambaliya a jihar New South Wales, wata 'yar uwar wannan tsutsa a wata ciyawar fadama ta yi sanadin mutuwar shanu sama da 1,700 da tumaki sama da 2,400. Dafin ba ya mutuwa don ciyawa ta bushe: a 1996 shanu sun kamu a Japan bayan sun ci busasshiyar ciyawar da aka sayo daga Ostareliya, abin da ya sa aka tilasta gwada duk wadda za a fitar. Waccan ciyawar ta ƙasar sanyi ce, ba za ta yi a Kudan ba. Amma ciyawar Brachiaria da ake yabawa ga ƙasashe masu zafi irin tamu, an sami tsutsar shinkafar nan a cikin irinta a Birazil, kuma a can ne aka gano ita ce ke sa waken suya ya ƙi ƙosawa, kara ya tsaya kore, fure ya zube. Wanda ya san matsayin waken suya a aljihun manomin Ikara da Maƙarfi ba zai wuce wannan magana da sauri ba.

Sai mai cewa in ta zo a yi mata feshi. Wannan ita ce amsar da shagon maganin gona ya koya mana ga kowace matsala, kuma a nan ba ta da amfani. Tsutsar da ke cikin ƙullutu ko ƙarƙashin ɓuntu ko cikin kuben ganye feshi ba ya isa gare ta, kuma lokacin da alama ta bayyana an riga an yi ɓarnar. Magungunan da ke kashe nimatod suna cikin mafi dafi a harkar noma. Carbofuran, wanda aka fi sani da Furadan, Tarayyar Turai ta haramta shi, Amurka ma ta hana samunsa a abincin da ake nomawa a cikinta tun 2009, saboda yana kashe tsuntsaye da kifi, yana kuma iya kashe mutum. Zuba irin wannan a fadamar da yara ke wanka, shanu ke sha, mata ke ɗiban ruwa, don maganin abin da bokitin ruwa zai iya yi, rashin lissafi ne.

Bokitin ruwa kuwa ba zuguiguitawa ba ce. Ga alkama, idan aka narka gishiri kimanin kilo 1 a ruwa lita 5 aka zuba iri aka motsa, ƙullutu da holoƙo za su taso sama, lafiyayya ta nutse. A kwashe na saman a ƙone, kada a zuba a bola ko a juji, a ɗauraye na ƙasan sau biyu ko uku da ruwa mai kyau don gishiri kada ya hana tsiro, a shanya a inuwa. Ga shinkafa gishiri yana fitar da holoƙo amma ba ya fitar da tsutsa, tunda tana cikin ƙwaya mai nauyi ma, don haka sai an haɗa da zafi: a jiƙa iri a ruwan sanyi na wasu sa'o'i har tsutsar ta farka, sannan a tsoma shi a ruwa mai zafin digiri 52 zuwa 53 na minti 15, a fitar a sanyaya. A nan ne dole a yi gaskiya da manomi. Tazarar da ke tsakanin zafin da ke kashe tsutsa da wanda ke kashe iri 'yar kaɗan ce, kuma yatsa ba ya auna ta. Wanda ya yi da ka zai dafa irinsa, ya kuma yi rantsuwa ba zai sake sauraron malamin gona ba. Aiki ne na ƙungiya, da ma'aunin zafi da agogo da mutum ɗaya da aka horar, a yi wa unguwa guda a yini guda. Masu rake ma suna da rabo a wannan tukunya, ko da yake su ba da ƙwaya suke shuka ba: a manyan gonakin rake na duniya ana tsoma guntayen karan shuka a ruwa mai digiri 50 na sa'a biyu don kashe cututtukan da ke bin iri. Sai a haɗa da ƙone ɓuntu da tattakar gonar da ta nuna alama, da hutar da ita daga shinkafa zuwa wake ko gyaɗa.

Ƙorafin ƙarshe shi ne wanda ya fi cancantar girmamawa. Za a ce ƙarshen wannan magana shi ne a tura talaka sayen irin kamfani mai tsada duk shekara, ya watsar da na kakanninsa. Ba haka ba ne. Tsohon da ke zaga gonarsa kafin girbi yana zaɓen manyan zangarnu masu lafiya, ya ɗaure su daban ya rataye, ya fi kowa bin ƙa'idar da ake magana a kai, domin zangarniyar da tsutsa ta nakasa ba za ta shiga zaɓinsa ba. Abin da ya lalace shi ne wannan al'ada ta ja baya, musamman a shinkafa da alkama da ake bugewa gaba ɗaya a tuli, iri ya zama abin da ya saura a gindin buhu. Shi kansa irin kamfani ba a yarda da shi don leda mai kyau. Dokar Majalisar Kula da Iri ta Ƙasa ta 2019 ta tanadi hukunci ga masu sayar da jabu, an kuma fito da tambarin da ake kankarewa a tura lamba a tabbatar. Amma tambarin yana amfani ne gwargwadon abin da aka gwada kafin a manna shi, kuma tsiro da tsantsar iri su aka fi dubawa. Ya kamata lafiyar iri, har da nimatod, ta zama abin da mai saye zai tambaya da baki.

Abin takaici shi ne kayan aikin suna kusa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, tana da masana kare amfanin gona, ga cibiyar wayar da kan manoma ta NAERLS a gefenta, ga cibiyar binciken dabbobi a Shika, kuma daga Hunƙuyi zuwa can ba tafiyar da za a yi guzuri ba ce. Gwajin tsutsar shinkafa ba ya buƙatar na'ura mai tsada: a fasa ƙwayoyi, a jiƙa su a ruwa kwana ɗaya, a duba ruwan a madubi. Ɗalibin ajin ƙarshe zai iya yin samfuri da dama a mako. Ikara da Maƙarfi da Kudan duk suna ƙarƙashin shiyyar Maigana ta hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar Kaduna, don haka ofishi ɗaya ne zai iya haɗa su. A kakar bana, shiyyar ta ɗebi tiya-tiya na shinkafa da alkamar da ake sayarwa a matsayin iri a kasuwannin ƙananan hukumomin nan uku, ta kai Samaru a auna, a sanar da sakamakon a rediyo da Hausa kafin ruwan shuka ya sauka. Shugabannin ƙananan hukumomin kuma su saya wa kowace ƙungiyar manoma ma'aunin zafi, wanda kuɗinsa bai kai na buhun taki ɗaya ba. Kai kuma mai gona, kafin ka auni iri a wannan shekara, ka tambayi gonar da ya fito, in da hali ka je ka gan ta tun tana tsaye.